Kasuwar Ƙarƙashin Darbejiya: Yadda Rikicin Saran Itatuwa Ya Gudana a Wani Gari na Jihar Sinnar

Garin da kasuwarsa

Garin yana gaɓar kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, kudu da madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925. Ba Mai Wurno ba ne, sanannen garin Fulani da Hausawa na yankin, sai dai tushensu ɗaya. Akwai jikokin waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, akwai na mahajjatan da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, suka tsaya aikin auduga a gonakin yankin Jazira, suka yi aure, zama ya kama su. Hausa ake yi a gida da bakin kogi, Larabci a ofis da makaranta. Abin yi kuwa su ne, da noman gaɓa idan ruwa ya janye, da lambun ayaba da mangwaro, sai dawa da riɗi a gonakin damina can nesa da kogi.

Kasuwar tana ci sau biyu a mako, a fili mai kimanin faddan 3, kuma faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Kafin rikicin, in ban da wani tsohon layi na shagunan ƙasa a arewa, babu gini a cikinta. Itatuwa ne rufinta: kusan 40, yawancinsu darbejiya da iyaye suka dasa, da tsamiya 3 a kusurwar masallaci waɗanda suka girmi kasuwar kanta. Kowace bishiya da mutanenta. Ga ta masu agashe, ga ta mata masu shayi da godo-godo, ga ta masu kifi, ga inda dillalan riɗi ke kafa sikeli, ga inda masu keken jaki ke jiran kaya. Mace takan gāji gindin bishiyar uwarta, ba wanda zai ce mata tashi.

Ba ɗaya daga cikinsu da ke da takarda. Tun dokar 1970, duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, kuma dokokin da suka biyo baya ba su sauya wannan tushe ba. Saboda haka fili na hukuma ne, itatuwa kuwa gumin mutanen gari ne. Maganar biyu duk gaskiya ce, kuma shekara da shekaru ba ta dami kowa ba.

2018: jan fenti

Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, ƙasar ta rasa kusan kashi uku cikin huɗu na man da take haƙowa, abin da ke gangarowa daga Khartum zuwa jihohi ya ragu, ƙananan hukumomi, wato mahaliya, suka koma neman kuɗi a kasuwanni da tashoshi. Makarantar firamare, ɗakin shan magani, kwasar shara, duk suna wuyansu. Mahaliyar da garin ke ƙarƙashinta ta fito da tsari: shaguna 60 na bulo da rufin kwano a layi huɗu, da tashar manyan motoci a tsakiya. Ɗan kwangila zai gina da kuɗinsa, ya karɓi haya na wasu shekaru, sannan ya miƙa wa hukuma. An rubuta kuɗin hayar a cikin yarjejeniyar.

Injiniyan da ya zana tsarin a ofis ya zana shi, a kan taswirar ma'aikatar safiyo. A wannan taswira kasuwar farin fili ce, domin masu safiyo iyaka suke aunawa, ba su zana bishiya.

Bayan Babbar Salla aka wayi gari da jan fenti a jikin kowace darbejiya.

Ba daidai ba ne a ce gari duka ya ƙi. Manyan 'yan kasuwar hatsi sun so aikin, kuma suna da hujja. Riɗi yana shigowa a Oktoba da Nuwamba, ragowar ruwan sama kan same shi a fili, ba su da rumbun ajiya. Babbar mota ba ta iya shiga saboda rassa sun sauko, dole a yi dako sau biyu. Saiwar darbejiya ta tsaga bangon tsofaffin shaguna. Shugaban kwamitin unguwa na lokacin ɗaya ne daga cikinsu, shi ya sa hannu a madadin gari ba tare da an kira taro ba.

Yunƙurin farko: dattawa da tarihi

Umda, wato mai gari, da liman da wasu dattawa suka tafi wurin mu'utamad, shugaban mahaliya. An karɓe su da mutunci, an kawo shayi. Suka faɗi wanda ya dasa wace bishiya, da shekarar fari da aka riƙa ɗebo ruwa daga kogi a kan jaki don kada su mutu, da malaman da suka karantar a inuwarsu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ya Umda, ban musa maka ko kalma ɗaya ba. Amma ka kawo mini takarda in ɗora a kan wannan."

Babu takarda. Akwai kuma abin da ya ɗaure wa dattawan baki wanda ba su furta ba. Bahaushen Sudan ya san maganar ƙasa ba ta daɗewa kafin wani ya tambayi asalinsa, ko da kakansa a nan aka binne shi. Da yawa daga iyayensu sun sha wahala kafin su sami takardar zama ɗan ƙasa a ƙarƙashin dokar 1957. Wanda ya taso da wannan tarihi ba ya ɗaga murya a ofis. Suka dawo, suka tara sa hannu da dangwale a doguwar takardar koke, aka karɓa, aka jefa a fayil.

Sai zanga-zangar Disamba 2018 ta tashi, gwamnatin Bashir ta faɗi ranar 11 ga Afrilu 2019, aka rushe tsofaffin kwamitocin unguwa, mu'utamad ya tafi. Ruwan damina ya wanke rabin jan fentin. Mutanen gari suka ɗauka magana ta mutu. Yarjejeniya kuwa tana nan a aljihun tebur, kuma ɗan kwangila ya riga ya biya kafin alƙalami.

Farkon 2020: saran asuba da martanin samari

Sabon daraktan mahaliya ya tarar da kwangila mai sa hannu da baitulmali wayam. Ya ba ɗan kwangila wasiƙar ci gaba da aiki. Bayan an gama yankan dawa, wata ranar da kasuwa ba ta ci, ma'aikata suka iso da injin yankan itace ana sallar asuba. Kafin mutane su taru, darbejiya 11 na gefen yamma sun kwanta. Kafin azahar masu gidan burodi da masu gawayi sun saye itacen, don a lokacin iskar gas ta girki ta yi wuya ƙwarai.

Samarin kwamitin gwagwarmaya na garin, waɗanda jininsu bai huce daga juyin juya hali ba, suka tare hanya, suka ƙona taya, suka ƙwace injin ɗaya suka jefa a kwata. 'Yan sanda suka zo, aka tafi da wasu, Umda ya yi belinsu da yamma.

Sara ya tsaya, wannan kam samarin sun samu. Amma an buɗe musu ƙarar lalata dukiya, darakta ya sami dalilin ƙin zama da su, 'yan kasuwar hatsi suka ce ga irinta nan, yara sun fi ƙarfin iyayensu. Aka yi makonni wasu gidaje ba sa gaisawa. Ɗan kwangila ya tumɓuke kututture, ya haƙa ramukan harsashi a gefen da aka sare, ya zuba kankare a wasu.

Bazara da daminar 2020

A Afrilu da Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40. Masu kifi, waɗanda bishiyoyinsu na cikin na yamma, sun gwada rumfar buhu, kifi ya riƙa juyawa kafin hantsi ya yi nisa. Suka koma sayarwa a bakin kogi, inda mai karɓar haraji ba ya zuwa. Wasu masu shayi suka matsa ƙarƙashin itatuwan da suka rage, aka shiga rigimar wuri tsakanin matan da suka shekara 20 suna maƙwabtaka lafiya. Wasu suka fita bakin kwalta, waje da iyakar kasuwa. Kuɗin shiga ya faɗi, amma dokar kulle ta korona ta faɗo a daidai wannan lokaci, don haka kowa ya jingina faɗuwar ga abin da ya ga dama.

Damina ta zo da ambaliyar da ta wuce ta 1946 da ta 1988. Ma'aunin kogi a Khartum ya haura mita 17 da rabi, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku a Satumba, kuma jihar Sinnar na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kogin bai kai kasuwar ba, tana kan tudu. Ruwan sama ne ya yi ɓarnar. Akwai wata tsohuwar hanyar ruwa da ke ratsa gefen yamma ta gangara kwata, wadda kowane mai keken jaki ya sani amma ba ta cikin zanen injiniya. Harsashin ginin ya datse ta. Ruwa ya juya ya shiga tsofaffin shagunan arewa, buhunan dawa na mutanen da suka fi kowa goyon bayan aikin suka jiƙe. Da rani ya shigo, baƙar laka ta bushe ta dare kamar yadda ta saba, kankaren da aka zuba ba zurfi ya tsage tare da ita.

Samari sun so su ce alhakin itatuwa ne. Ba haka ba ne, ko da darbejiyar na tsaye ramin zai tare ruwan. Abin da daminar ta tona shi ne an zana tsarin ba tare da an taka filin ba, kuma wannan ya isa ya sa 'yan kasuwar hatsi su fara tambaya.

2021: ƙidaya

Wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya da shugabar mata masu shayi ne suka sauya salon. Ita ce ta kawo dabarar, ba da niyyar kawo ta ba. Tana yi masa ƙorafin mai karɓar haraji, sai ta ɗauko gwangwanin madara cike da rasit, an ɗaure su da zare wata-wata. Matan kasuwar ba sa yar da rasit, saboda an sha karɓar kuɗi sau biyu a hannun wadda ta yar. Malamin ya tambaya ko sauran ma suna ajiyewa. Ta ce, "Malam, wa zai yar? Har na marigayiya Inna suna nan."

Aka sa 'yan makaranta suka rubuta wa kowace bishiya lamba da farar ƙasa. Ranar kasuwa aka bi su ɗaya bayan ɗaya: mutum nawa ke zama a gindinta, me yake sayarwa, nawa yake biya. Aka haɗa da rasit ɗin da aka tara, har da na waɗanda aka sare wa wuri. Malamin ya zana taswira a kan babban kwali, bishiya da'ira, hanyar ruwa shuɗin layi. Wannan ce taswira ta farko da ta nuna kasuwar yadda take.

Abin da lissafin ya fitar mai sauƙi ne. Babbar darbejiya ɗaya tana ɗauke da masu sana'a 6 zuwa 10, kowanne yana biyan kuɗin wuri duk ranar kasuwa, kuma kuɗin kai tsaye yake shiga asusun mahaliya. Shago ɗaya mutum ɗaya ne, hayarsa kuma ɗan kwangila zai riƙa ci na shekaru. Kuɗin wuri ana sabunta shi duk kasafin shekara, hayar shago kuwa an ƙulle ta da farashin 2018.

A wata shekarar da wannan bambanci bai taka kara ya karya ba. Amma a Fabrairu 2021 gwamnati ta karya darajar kuɗi, dala ta tashi daga fam 55 zuwa kusan 375 a farashin hukuma, kuma a watan Yuli hauhawar farashi ta wuce kashi 400 cikin 100. Hayar da aka rubuta a 2018 ta koma kuɗin 'yan kofunan shayi. Siminti da rodi suka fi ƙarfin ɗan kwangila. Shi da kansa ya fara neman ƙofar da zai bi a sake zama.

Mataki na biyu shi ne zuwa ofishin gandun daji. Hukumar gandun daji ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ke riƙe da dokar gandun daji ta 2002, dokar da ta wajabta barin kashi 10 cikin 100 na manyan gonakin damina da kashi 5 na gonakin ban-ruwa ga itatuwa. Mutanen garin sun san jami'anta a dajin bagaruwa na bakin kogi da wajen harajin gawayi, amma ba wanda ya taɓa tunanin kasuwa ta shafe su. Tambaya ɗaya malamin ya yi: an ba da izinin saran nan? Aka duba, ba a bayar ba. Ɗan kwangila ya ɗauka wasiƙar mahaliya ta wadatar.

Jami'in ya zo da kansa. Ya auna kaurin kowace bishiya, ya ƙwanƙwasa gindinta da ƙotar gatari yana saurare, ya leƙa inda gara ta shiga. Ya rubuta cewa 6 sun rube a ciki, iska mai ƙarfi za ta iya kayar da su a kan mutane, sauran lafiyarsu lau. Dattawa ba su ji daɗi ba, don ɗaya daga cikin shidan ita ce wadda mahaifin liman ya yi shekaru yana ba da karatu a ƙarƙashinta. Amma rahoton ya ba gari abin da bai taɓa samu ba: takarda mai hatimi da ke cewa itatuwan suna nan, da kuma laifi a wuyan ɗan kwangila wanda za a iya ɗorawa a sikeli ɗaya da na samari.

Zaman sulhu

An yi judiyya, wato zaman sulhu na gargajiya, a farfajiyar makaranta, dattawa masu shiga tsakani daga wani gari maƙwabci suka jagoranta. Darakta ya zo, ɗan kwangila ya zo, 'yan kasuwar hatsi da samari kowa da gefensa. Shugabar masu shayi ta zauna a cikin taron, abin da ba a saba ba. Da aka ba ta dama ba ta yi dogon bayani ba. Ta ajiye gwangwanin a gaban darakta ta ce, "Ranka ya daɗe, an ce ba mu da takarda. Ga takardunku nan, da hatiminku."

An kai zama uku kafin a daidaita. Aka rage shaguna zuwa 24, duka a gefen yamma da aka riga aka sare, a bar wa ruwa hanyarsa da kwalbati, a zurfafa harsashi. Tashar manyan motoci ta koma wani fako kusa da kwalta. Bishiyoyi 6 da jami'i ya nuna za a sare su da rana tsaka, a yi gwanjon itacen a gaban jama'a, kuɗin ya tafi ga kwalbatin. Sauran a rage musu rassan ƙasa yadda ƙaramar mota za ta wuce. Duk bishiyar da aka sare a dasa uku a madadinta. Aka janye ƙarar samari, aka yafe wa ɗan kwangila tara. Malamin ya nace a kan abu guda da wasu suka ga kamar ɓata lokaci ne: a kwafe taswirar kwalin, a liƙa ta a jikin takardar yarjejeniya, mahaliya da ofishin gandun daji su buga mata hatimi, Umda ya riƙe kwafi.

An sa hannu 'yan makonni kafin juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021. Ba a jima ba aka sauya daraktan. Wanda ya gaje shi ya tarar da taswirar a fayil.

Dashe, sau biyu

Dashen farko gayya aka yi, da kiɗa da abinci, a ƙarshen Oktoba lokacin da ruwa ya riga ya ɗauke. Ba a ɗora wa kowa ban-ruwa ba. Awaki da jakuna suka gama da abin da rana ta bari.

A Yulin 2022 aka sake, da farkon damina, kuma aka sauya tsari. Kowane dashe aka ba shi mai shi, daga cikin waɗanda suka rasa wuri, aka rubuta sunansa a gefen lambar bishiyar cewa in ta girma gindinta nasa ne. Mata suka kewaye nasu da ƙaya da fasassun bulo, suna zuba musu ruwan wankin kofuna duk yamma. Mafi yawansu suka kama. Darbejiya ba ta da nawa, cikin shekara ta fi tsayin mutum.

A wannan watan ne rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu kan ƙasa da sarauta, aka yi asarar rayuka masu yawa, 'yan gudun hijira suka kwararo Sinnar. A garin ba wanda ya ƙara son jin kalmar fili a bakin kowa. Da maganar kasuwa tana buɗe har lokacin, da wuya a sami mai zuwa ofis ya tsaya mata.

Inda aka tsaya a ƙarshen 2023

Lokacin da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, shaguna 16 ne suka kammala, duk an kama su. Sauran 8 sun tsaya a linta, siminti ya yanke, ɗan kwangila ya bar yankin. Kwalbati ya yi aikinsa damina biyu. Tashar motoci ba a zuba mata tsakuwa ba, don haka da damina direbobi kan dawo bakin kasuwa suna karya rassa. Tsofaffin itatuwa 17 sun tafi, sama da 20 suna tsaye. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba mutane suka ƙaru a garin, kasuwa ta cika fiye da da, sababbin masu shayi da masu tuya suka raɓu a inuwar da ta rage. Lissafin ya tsaya a nan, domin abin da ya sami jihar Sinnar daga tsakiyar 2024 labarin yaƙi ne, ba na tsarin kasuwa ba.

Hukunci

Zuwan dattawa bai ci ba saboda alfarma suka je nema a wurin mutumin da ake tambayarsa kuɗi duk ƙarshen wata. Tarihin da suka faɗa gaskiya ne, amma ba shi da layi a kasafi. Tare hanya ya ceci itatuwan da suka rage a ranar, kuma ba zan rage wa samarin wannan ba, da ba su fito ba da babu abin da za a ƙidaya a 2021. Sai dai ya raba gari, ya mai da masu ƙara waɗanda ake ƙara. Ƙidaya ta yi aiki don ta amsa tambayar da mahaliya ke yi tun farko, wato ina kuɗi zai fito, kuma ta amsa da rasit ɗin mahaliyar kanta. Ofishin gandun daji ya yi amfani don hukuma ce dabam mai doka dabam, kuma amincewar da gari ya yi da saran shidan, duk da zafinsa, shi ya sa aka yarda da sauran rahoton.

Amma rabin nasarar ba dabarar kowa ba ce. Faɗuwar fam ce ta karya yarjejeniyar 2018. Da kuɗi ya tsaya da ƙafarsa, ɗan kwangila ba shi da dalilin zama, kuma ina ganin da taswirar malam ta bi takardar koke cikin fayil.

Mahaliya ma ba a kan ɓata take gaba ɗaya ba. Garin yana buƙatar rumbuna, kuma saurin da aka yi wajen kama shaguna 16 ya nuna haka. Kuskurenta tsari ne: ta zana kafin ta duba, ta karɓi sa hannun mutum ɗaya a matsayin yardar gari, ta sayar da shekarun haya da farashin da ba ta da ikon riƙewa.

Akwai waɗanda ba su farfaɗo ba. Masu kifi ba su dawo ba. Shagunan sun tafi ga masu jari, ba ga waɗanda aka tasa ba. Haƙƙin mata a gindin bishiya yana rataye ne a takardar zaman sulhu, ba a rajistar ƙasa ba, kuma wani darakta na iya cewa ba ta ɗaure shi ba. Hujjar da ta ceci kasuwar ma tana da baki biyu: in an kare bishiya da kuɗin da take kawowa, ranar da shago ya fi ta kawowa an rasa abin faɗa. Ƙidayar ba ta ga almajirai da masu ga-ruwa da tsofaffin da ke wuni a inuwa ba, don ba su da rasit. Tsamiyoyi 3 na kusurwar masallaci su ne mafi tsufa a filin kuma mafi ƙarancin kuɗin shiga, rahoton jami'i ya ce lafiyarsu lau, amma babu sakin layi ko ɗaya a yarjejeniyar da ya hana a taɓa su. Sun tsira ne kawai saboda zanen injiniya bai kai wannan kusurwa ba.